Kukan Kurciya Jawabi Ne: Famfon Mai Da Abin Da Ƙararsa Ke Nufi

(Jawabin da wani malami na Sashen Aikin Injiniya ya gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai.)



Da aka aiko mini da takardar gayyata, an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san akwai waɗanda suka taho da zaton za su ji zancen makomar ƙasa ko na tattalin arziki, sai ga shi na zo muku da zancen wani ɗan ƙarfe wanda bai wuce ƙaramar tocila girma ba, wanda kuma yake ɓoye a cikin tankin mota inda ido ba ya ganinsa. Ku yi mini haƙuri, ina da dalili. Nan da shekaru kaɗan da yawa daga cikinku za ku kama aiki, ku yi adashi ko ku ci bashi, ku sayi motarku ta farko, wadda wani ya riga ya more ta a Turai ko Amurka kafin ta iso Kwatano ko Legas. Ranar da wannan ɗan ƙarfe ya tsaya, motar ta tsaya ke nan, ko a tsakiyar kasuwa ko a dokar daji da dare. Amma da wuya ya tsaya bai yi gargaɗi ba. Gargaɗin nasa shi ne kuka, kuma Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Bari in fara da ba ku labarin wautar da na tafka da kaina. Motata ta farko ta soma wata irin ƙara daga ƙarƙashin kujerar baya, siririya mai tsini kamar kukan sauro a kunne. Na kai ta gareji, makanike ya kasa kunne sau ɗaya ya ce famfo ne, na sayo sabo aka sa. Bayan wata uku ƙarar ta dawo. Aka ce wanda na sayo jabu ne, na sake sayen wani mai tsada. Shi ma bai yi wata huɗu ba ya soma kuka, har ya kai ga barina a gefen hanya bayan magariba, da iyalina a ciki. A karo na uku ne Allah ya haɗa ni da wani dattijon makanike, wanda ya saurari labarina har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Malam, in ka ga likita ya binne majinyata uku a gado ɗaya, ai gadon ya kamata a duba." Ya sa yaransa suka sauke tankin, aka zazzage shi, sai ga tsatsa da laka da ruwa sun kusa cika kwanon sha. Famfunan nan biyu da na zarga ba su da laifi. Ni na kashe su, da kuɗina.

To, domin mu gane abin da ya faru, sai mu koma baya kaɗan. Motocin da iyayenmu suka hau, irin su Fijo 504 wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, galibinsu da kafireto suke aiki. Famfonsu a jikin inji yake, injin ne ke motsa shi, kuma aikinsa kawai ya ɗebo mai ya zuba a wani ɗan kofi. Ƙarfin turinsa bai wuce 4 zuwa 6 ba a ma'aunin nan na gejin masu faci, alhali kuwa tayar ƙaramar mota takan ɗauki 30 zuwa 35. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da wata dabara ta fesa mai a inji bisa umarnin na'urar lantarki, aka fara sa ta a wata motar Volkswagen. Sannu a hankali dabarar ta mamaye duniya, har ya zama daga shekarun 1990 kusan duk ƙaramar motar da aka ƙera a Turai, Amurka da Japan mai injekta ce. Ita kuwa injekta ba ta zuba mai, fesa shi take yi ya zama kamar hazo, kuma feshi ba ya yiwuwa sai da turi mai ƙarfi, wajen 40 zuwa 60 a wancan ma'auni. Watau ya fi iskar da ke cikin tayarku ƙarfi. Wannan shi ya sa aka koma ga famfon lantarki, aka kuma tsoma shi a cikin tanki, domin famfo ya fi iya turawa a kan zuƙowa daga nesa.

In kuka fasa wannan famfo za ku ga ɗan injin lantarki ne mai aiki da batirin mota. A cikinsa akwai naɗin waya mai juyawa dubban zagaye a minti ɗaya, da wasu 'yan guntayen gawayi guda biyu da makanikai ke kira buroshi, masu ba shi wuta, da wata 'yar farfela a gindinsa wadda ke kwasar mai. A bakinsa na ƙasa an ɗaura wata rariya mai kama da safa, a bakinsa na sama kuwa akwai ɗan ƙyaure da ke hana mai komawa baya idan an kashe mota. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: man da famfon ke turawa ta cikin cikinsa yake bi, ya ratsa injin lantarkin gaba ɗaya. Man nan shi ne ruwan da ke sanyaya shi, shi ne kuma maiƙon da ke hana sassansa cin juna. Wani zai ce, yaya za a haɗa tartsatsin lantarki da fetur ba a yi gobara ba? Amsa ita ce wuta tana bukatar iska, a cikin rufaffen tanki kuwa tururin fetur ya yi wa iska yawa ƙwarai, har wuta ba ta samun wurin kamawa.

Lafiyayyen famfo ma yana da murya. Idan ka murɗa makulli ba ka tayar da inji ba, ka kasa kunne, za ka ji wani ɗan gunji mai laushi daga baya na kamar daƙiƙa biyu, sa'an nan ya yi shiru. Yana cika tiyo ne da mai kafin inji ya tashi. Ina ba kowannenku shawara, ranar da ya sayi mota, ya saurari wannan gunji ya haddace shi, domin wanda bai san muryar lafiya ba, ba zai gane ta ciwo ba. Haka kuma wasu sababbin motoci masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna da famfo na biyu a jikin inji, wanda kan yi ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo. Wannan ɗabi'arsa ce, kada a raba ku da kuɗinku a kansa.

Muryoyin ciwo kuwa, a iya sanina da wannan aiki, huɗu ne.

Ta farko ita ce siririyar ƙara mai tsini, wadda kan ƙaru idan mai ya yi ƙasa ko rana ta take. Wannan kukan yunwa ne. Fetur abu ne mai saurin zama tururi. Idan famfo yana zuƙa da ƙarfi, rariyarsa kuwa ta toshe, sai matsin da ke bakinsa ya faɗi, man ya riƙa tafasa ba tare da wuta ba, ya yi kumfa, kumfar ta shiga farfela ta yi ta fashewa. Duk wanda ya taɓa jin yaro yana zuƙar ƙarshen lemo da tsinken roba ya san irin wannan sauti. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kwalta na gasa tanki daga ƙasa, man da ya zagaya inji ya dawo yana ƙara masa zafi, to abin yakan fi tsanani. Akwai kuma ɗan'uwan wannan kuka, wanda ke fitowa idan toshiyar a gaba take, watau filtar mai ta cika da datti ko tiyo ya lanƙwashe. A nan famfon ya sami abin turawa amma ƙofa a rufe take, sai ya yi ta nishi yana jan wuta fiye da ƙima yana ɗaukar zafi.

Ta biyu ita ce ƙarar da ke sauya murya idan ka kunna fitilun gaba, ko na'urar sanyaya mota, ko sigina. Wannan ba ta da alaƙa da mai, maganar wuta ce. Idan inji na aiki, batir kan nuna bolt 13.5 zuwa 14.5, kuma kusan haka ya kamata ya isa ga famfo. Amma wutar sai ta bi ta fiyus, da wani makunni da ake kira rile, da doguwar waya, da soket a kan tanki, sa'an nan ta koma ta wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Tsatsa ko sako-sako a ɗaya daga cikin waɗannan wurare yakan cinye wani ɓangare na wutar, famfo ya riƙa juyawa da ƙyar.

Ta uku ita ce ɓurari mai kauri da ake ji a jikin kujera ko a ƙasan mota, alhali motar tana tafiya lafiya lau. Sau da yawa wannan roba ce kawai. An zaunar da famfo a kan roba domin kada rawar jikinsa ta isa ga ƙarfe. In robar ta tsufa ta bushe, ko makanike ya manta bai mayar da ita ba, ko tiyon ƙarfe ya jingina da jikin mota, sai tanki ya zama ganga. An fi samun wannan a tsofaffin motoci irin su Marsandi 190, waɗanda famfonsu ke waje a ƙarƙashin mota kusa da tayoyin baya. Maganinsa robar 'yan kuɗi kaɗan.

Ta huɗu ita ce gurzar ƙarfe da ƙarfe, kamar tsakuwa ta faɗa injin markaɗe, tare da wahalar tashi da safe da shaƙewa a kan tudu. Wannan kam famfon ne ya cinye, sai canji. Amma ko a nan tambaya tana nan: tsufa ne ya cinye shi, ko wani abu ne ya kashe shi? Famfo na ƙwarai da ke shan mai mai tsabta yakan yi tafiyar kilomita 150,000 ko fiye. Wanda ya mutu cikin wata uku kashe shi aka yi.

Jama'a, kun ga ke nan cikin muryoyi huɗu, uku ba laifin famfo ba ne. Saboda haka hanyar bincike ita ce a fara daga mai araha a tafi zuwa mai tsada. Da farko a zuba mai ya wuce rabin tanki a saurara. In ƙarar ta lafa, an sami bakin zaren. Na biyu, bayan doguwar tafiya a buɗe murfin tanki a hankali. In aka ji yana zuƙar iska ciki da ƙarfi, ƙarar kuma ta ragu, to hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Na uku, a duba tiyo daga baya zuwa gaba, a kuma canja filta idan motar mai filta a waje ce. Motoci da yawa na baya-bayan nan filtarsu a cikin tanki take, haɗe da gidan famfo. Na huɗu, a kira mai gyaran waya ya auna wuta da mita a kan soket ɗin famfo yayin da inji ke aiki, ya kwatanta da ta batir. In bambancin ya wuce rabin bolt, a bi waya a nemo inda wutar ke ɓacewa, a kuma duba ko soket ɗin ya yi baƙi ko ya narke. Na biyar, a ɗaura geji a kan tiyon mai a auna ƙarfin turi, a kwatanta da abin da littafin motar ya faɗa. In ya yi ƙasa, ko dai toshiya ce ko famfo ya gaji. In ya yi sama, sai a tuhumi na'urar daidaita turi ko tiyon da ke mayar da rarar mai tanki. In kuwa allurar ta faɗi nan da nan bayan an kashe inji, akwai inda man ke zurarewa. Sai an gama duk wannan sa'an nan a buɗe tanki. Makaniken da ya yanke hukunci ba geji ba mita, duba yake yi muku irin na 'yan bori.

Idan bincike ya tabbatar sai an canja, to a yi canjin sau ɗaya. A sauke tanki a wanke shi a busar, musamman in na ƙarfe ne, domin na roba ba ya tsatsa amma yana tara laka. A sa sabuwar rariya. Mayar da tsohuwa a kan sabon famfo daidai yake da yin wanka a mayar da rigar da aka yi kwasar kwata da ita. A sa sabuwar robar bakin tanki. Ɗan guntun tiyon da ke cikin tanki kuwa dole ya zama irin wanda aka yi domin zama a cikin fetur, in ba haka ba zai kumbura ya fashe. A kuma sayi famfon da ya dace da motar, domin kamannin jiki ba shi ke nuna ƙarfin turi ɗaya ba.

Wajibi ne in yi gargaɗi a nan, domin wannan aiki ya sha ƙona mutane. Na ce rufaffen tanki ba ya kama wuta, amma da zarar an buɗe shi iska ta shiga, magana ta sauya. A yi aikin a fili, ba taba, ba ashana, ba mai walda a kusa. Kafin a kwance tiyo a zare fiyus ɗin famfo a bar inji ya yi aiki har ya mutu da kansa, domin matsin ya sauka, sa'an nan a cire kan batir. Kada a taɓa gwada famfo a kan batir kusa da buɗaɗɗen tanki ko kwanon mai. Akwai kuma wata mummunar dabara da ta yaɗu a garejinmu, ta jawo waya kai tsaye daga makulli zuwa famfo idan rile ya sami matsala. Masu ƙera mota sun tsara abin ne yadda famfo zai tsaya da zarar inji ya tsaya. Wanda ya tsallake wannan tsari, ranar da ya yi hatsari, Allah ya kiyaye, famfon zai ci gaba da feshin fetur a kan injin da ya ɗauki zafi. Ita kuwa dabarar bubbuga ƙasan tanki domin famfon da ya ƙi tashi ya tashi, takan yi aiki wani lokaci, domin tana girgiza gawayin nan ya taɓa inda ya kamata. Amma iyakarta ta kai ka gareji. Kada ka kama hanyar Abuja da ita.

Saura rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Na san halin da ake ciki. Kafin a janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan ƙaramin ma'aikaci ya koma sayen lita uku, lita biyar, fitilar gargaɗi tana kunne kullum. Ba na zargin kowa. Sai dai ina so ku yi lissafi irin na masu ilmi. Man da mota za ta ƙona daga gida zuwa ofis kusan ɗaya ne, ko tanki na kwata ko yana ƙasa. In ka daure sau ɗaya, a ranar albashi, ka kai allura kwata, daga nan ka ci gaba da sayen lita biyar ɗinka a kan wannan kwatar, ba ka ƙara kashe ko kwabo ba a wata, amma famfonka na nutse cikin abin da ke sanyaya shi, ba ya haɗiyar iska a kwana ko a kan tudu. A nan zan gyara wani kuskure da ake yawan faɗa, wai idan mai ya yi ƙasa ne famfo ke tsotso dattin gindin tanki. Ai kullum daga gindi yake sha, ko tanki a cike yake. Illar ƙarancin mai zafi ne da iska. Illar datti kuwa daga inda aka sayi man take.

Wannan ya kawo mu ga 'yan bumburutu. Man da ya kwana a jarka a bakin titi cikin ƙurar hunturu, aka zuba shi da mazurarin da ke yashe a ƙasa, wani lokaci ma an sirka shi da kananzir, ba abin da rariya za ta yi da shi illa ta toshe. In larura ta tilasta, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ko gidan mai ma ba a rufe ido, domin ba mu manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da hukuma ta tabbatar an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi daga kasuwa, masu motoci da dama suka koka. Ku riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da kuka amince da su, masu yawan ciniki, waɗanda mansu ba ya daɗewa a ƙasa.

Kada kuma wani ya ce zai jure ƙarar tun da mota tana tafiya. Famfon da ya raunana yakan isa a cikin gari, amma ya gaza a daidai lokacin da inji ya fi bukatar mai, watau sa'ad da ka fito za ka wuce tirela, wata motar kuma tana tahowa. A wannan daƙiƙa ba kuɗin famfo ake magana ba.

Malam Shugaban taro, na ga lokaci ya ƙure. 'Yan'uwa ɗalibai, da yawanku ba injiniyoyi za ku zama ba, ofisoshi za ku riƙe. Wata rana wani na ƙasa da ku zai yi ta ƙorafi har ya gundure ku, kuma abu mafi sauƙi shi ne a ɗauke shi a kawo wani. Kafin ku sa hannu a takardar, ku tuna da famfuna biyu da na binne ba su ji ba su gani ba, ku sa a sauke tanki a duba.

 Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya ba ku abin hawa mai albarka, ya kiyaye mana hanya.